Tak Pan-sul, Mai Raba Mace da Namiji

A ƙauyukan da ke bayan birnin Andong babu wanda bai san Tak Pan-sul mai rufi ba. Wanda bai san fuskarsa ba ya san tafin ƙafarsa, domin yawancin mutane daga ƙasa suke hango shi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga ƙafa gwame, idan yana tafiya a ƙasa sai ka ce bai gama yarda da ita ba. Sana'arsa jera kasaken rufi, baƙaƙen nan na gasasshen yumɓu, kuma a hannun kawunsa ya koya tun tsayinsa bai wuce mataki uku na tsani ba.

Kasaken iri biyu ne, mace da namiji. Macen mai faɗi ce, rigingine ake kwantar da ita, ta kanta ruwan sama yake bi ya sauka. Namijin kamar an tsaga gora biyu yake, ana kifa shi a mahaɗar mata biyu ya rufe tsagar. Ba Pan-sul ya ƙirƙiro wannan ba, haka kowa yake kiransu, kamar yadda ake kiran ƙarafa biyun da ƙyaure ke juyawa a kansu. Laifin Pan-sul ɗaya ne, da ya fara rabon sai ya ƙi tsayawa a rufi.

A wurinsa komai na duniya ko mace ne ko namiji. Ruwan da ya zo da tsawa da hargowa ya ɗauke bai jiƙa gindin wake ba, namiji ne. Yayyafin da zai wuni yana abu ɗaya har ya shiga ƙashin mutum, mace ce. Dutsen da ke gabas da gari namiji ne, tudun da ke kwance a bayansa matarsa ce, kuma a cewarsa sun daɗe ba sa ga-maciji. Tari ma ya raba shi. Abokin aikinsa Bong Chil-gu, wanda ke cilla masa curin laka daga ƙasa, ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Yaya, wannan giyar shinkafar fa?"

"Namiji. Yanzu alkawari, gobe da safe ciwon kai."

"To ni fa?"

"Kai ai ba a gama gasa ka ba, balle a san wurin da za a ɗora ka."

Sai masu aiki su fashe da dariya, Pan-sul ya ci gaba da danna kasko a laka, ko murmushi ba ya yi.

Amma mutumin nan da ya raba duwatsu da ruwan sama, akwai abu ɗaya da bai san ko mace ne ko namiji ba, kuma abin nasa ne na cikinsa.

Yana saurayi aka aura masa Sun-rye, 'yar wani manomin taba daga Yecheon, doguwa mai ƙarancin magana. A shekara ta biyu ta sami ciki. Da cikin ya tsufa sai aka kira su gyaran rufin wani haikali can a kan dutse, aikin da dole a gama kafin ƙanƙara ta sauko. Ya tafi ya bar ta da tsohuwarsa, wadda ta riga ta sayi busasshen ganyen teku na miyar jego ta rataye. Ran da ya dawo, tun daga kan gada yake miƙa wuya yana leƙen ƙofar gidansu. Idan an haihu, igiyar kara ake ɗaurawa a ƙofa. In ya ga jan barkono a jikinta, namiji ne. In gawayi da ganye kawai ya gani, mace ce. Ya zo har bakin ƙofa bai ga igiya ba.

Tsohuwar ce ta tare shi a tsakar gida, hannunta duk ƙasa.

"An sauka shekaranjiya, ba a zo da rai ba," ta ce. "Ni na kai bayan tudu da kaina. Yanzu ka saurare ni. Kai namiji ne. Ka wanke ƙafa ka shiga ka ci abinci. Kada ka tambaye ta komai, kada kuma in ga ruwa a idonka, ita ta fi ka ciwo."

Ya wanke ƙafa, ya shiga, ya ci abinci. Sun-rye na kwance a gefen ɗakin da ya fi ɗumi, ta juya wa ƙofa baya. Bai tambaya ba.

Wannan kalma ta namiji, a garinmu buhu ce da ake zuba komai a ciki. Ka ci abinci da sauri, namiji. Ka sare yatsa ka yi shiru, namiji. Ka ga matarka tana kuka ka fita duba saniya, nan ma namiji. Tun yaro yana tatata ake ɗora masa buhun, kuma ban taɓa ganin wanda ya buɗe ya duba abin da ke ciki ba. Pan-sul ya ɗauka da zuciya ɗaya, abin tausayi. Ga al'ada kuma ta taya shi: jaririn da bai yi numfashi ba ba a tara masa ƙasar kabari, ba a sa masa suna, ba a zancensa. Shi dai ya san matarsa ta sani, tunda ita ta haifa. Ya ce a ransa wata rana za ta faɗa da kanta.

Haihuwa ba ta sake zuwa gidan ba. Sauran mata ana kiransu uwar wane, ita kuwa 'Yar Yecheon aka ci gaba da ce mata har furfura ta fito. Tsohuwar ta yi 'yan shekaru tana kai ta wurin masu magani, daga baya ta haƙura, daga baya ta kwanta ciwo. Pan-sul ya zauna a kanta ranar da za ta cika, tambayar tana bakinsa, ita kuwa tana ta ba da wasiyya a kan tulunan miyar wake, wanne za a fara buɗewa, wanne za a bari ya ƙara tsumuwa. Bai katse ta ba. Me zai sa ya wahalar da mai mutuwa, alhali amsar tana ɗaki ɗaya da shi?

Ba wai mata da mijin sun daina zancen gaba ɗaya ba. A bakinmu mutum yana iya ƙare rayuwarsa yana maganar wani bai taɓa cewa shi ko ita ba, harshen ba ya tilasta masa. Duk kaka, idan 'ya'yan kanyar tsakar gida suka yi ja, Sun-rye za ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Da yanzu an fara tafiya." Wata shekarar, "Da yanzu an shiga makaranta." Sai ta tsura masa ido. Shi kuma ya ce, "Haka ne," ya sunkuyar da kai, yana jira ta ƙara ko da kalma ɗaya ce. Ba ta ƙarawa.

Yarinyar kuwa a kan rufi ta same shi. Wata safiya ce mai hazo, yana sauke tsofaffin kasake a gidan wasu manya, kwarin duk ya cika da fari har ba a ganin ƙasa, rufin kamar kwale-kwale. Ya ɗago wani kasko na ƙarshen tozon rufi sai ya ga shatin ɗan ƙaramin hannu a jikinsa, wanda ɗan wani magini na can baya ya danna tun yumɓun yana ɗanye. Ya ɗora tafinsa a kai. Da ya ɗaga ido sai ya ga yarinya zaune a can ƙarshen tozon, tana kaɗa ƙafa, gashinta an yanke daidai kunne. Bai tsorata ba, ya gane abin da suka rasa ne. Bai kuma san dalilin da ya sa ta zo a mace ba, shi da duk gari ke cewa rashin magaji ne yake cinsa. Ya dai ce mata a hankali ta matso ciki kada ta faɗi, ya ci gaba da aiki.

Tun daga ranar kusan duk rufin da ya hau tana nan. Ba ta saukowa ƙasa, ko tsani ba ta taɓawa. Girma take yi daidai da lissafin uwarta. Ta yi giɓi, haƙoran suka fito. Ta sa baƙin siket na makaranta. Akwai lokacin da ta yi shekara guda ba ta kula shi, haka kawai, irin na 'yan mata, shi kuma ya bi ya rame. Ita ce take hana shi kofin giya na uku. Idan Chil-gu ya ji shi yana gunaguni a sama ya ɗaga murya ya ce, "Yaya, da wa kake faɗa?" sai ya ce da tattabaru. A shekarun da aka bi ƙauyuka ana yaye rufin ciyawa ana buga kwano, aikin kasko ya ja baya, ya koma bin haikalai da gidajen tarihi, tafiyar kwana da kwanaki. Bai damu ba, rufin haikali ya fi tsawo, hirar ta fi daɗewa.

Har aure ya yi mata. Wani direban bas ne daga Pohang, mai yawan dariya, wanda Pan-sul bai taɓa so ba ko kaɗan. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya sauya mata miji da malamin makaranta, ta ƙi. Ranar bikin yana kan rufin wani ɗakin ƙararrawa, ya zauna ya juya wa masu aiki baya, ya ce hayaƙi ne ya shiga idonsa. Babu wanda ya hura wuta a wurin.

Duk wannan bai taɓa gaya wa Sun-rye ba. Tsoro yake ji. Idan ya faɗa ta ce masa ai namiji ne, ina zai kai yarinyar? Idan kuma bai tambaya ba, ƙila ya shekara da shekaru yana reno a kan kuskure, ɗansa na can bayan tudu ba wanda ya taɓa tuna shi da fuska. Kullum yana tsakanin biyun nan, yana son sani kamar ransa zai fita, yana kuma gudun sanin.

A gida wasan rabon bai tsaya ba, kuma abin mamaki Sun-rye, wadda ba ta son surutu, ita take tayar da shi. Suna cin abinci sai ta nuna cokali. "Wannan fa?" Ya faɗa. Ta nuna kyanwar maƙwabta, ta nuna wata, ta nuna iskar da ke kaɗa labule. Wani lokaci ta jera masa abu goma a jere da sauri-sauri kamar mai son ta ga ya yi tuntuɓe. Idan ya gama sai ta yi ajiyar zuciya ta kwashe kwanuka. Shi a zatonsa ba'a take masa.

Tsufa ya zo ta gwiwa. Aka daina kiransa manyan ayyuka, sai dai a ɗauke shi a mota ya tsaya a ƙasa yana nuni da sanda. Daga ƙasa ba ya ganin 'yarsa, sai ya riƙa ƙirƙiro ɗigar ruwa a rufin gidansa don ya sami dalilin hawa. Sun-rye ta riƙe tsani tana mita.

"Tsoho, rufin nan da ka gyara wancan makon?"

"Wata macen ce ta zame."

"Kullum macen ce take zamewa a wurinka. In ka faɗo ni ba zan iya ɗaga ka ba, ka sani."

A shekarar da matar Chil-gu ta rasu, a shekarar ne likita a Daegu ya ce zuciyar Sun-rye sai an yi aiki, kuma bai ɓoye musu cewa a shekarunta ba kowa ke tashi ba. Pan-sul ya je wurin abokinsa ya same shi zaune a gaban tukunya, ya dafa wani abu mai kama da ruwan wanki.

"Yaya, zauna ka sha ka ji ikon Allah," in ji Chil-gu. "Shekara nawa ina shan miyar matar nan, ban taɓa cewa me kike sawa ba. Ga shi na sa komai, ta ƙi." Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. "In akwai abin da za ka tambayi matarka, ka tambaya tun tana jin ka. Ni na zaci kullum tana nan."

Pan-sul ya shanye miyar tas don kara, ya dawo gida a ƙafa, bai bi ta kan gada ba, ya zaga ta bayan tudu. Babu komai a wurin sai ciyawa da 'yan itatuwa. Ya tsaya ya rasa ma inda zai kalla.

Ana jibi za su tafi asibiti, da hantsi, suka zauna a dandamalin katako na gaban ɗaki suna feren kanya don a rataye ta bushe. Rana mai laushi ce, sama wasai, mazari suna ta shawagi a kan tulunan miya. Sun-rye tana fere a hankali, ɓawon yana saukowa dogo bai tsinke ba. Ta dubi itacen ta ce, "Da yanzu an haura arba'in." Ta tsura masa ido kamar kullum.

Wannan karon bai ce haka ne ba. Ya ajiye wuƙar. Ya ji kunya irin ta yaro, shi da ba shi da sauran baƙin gashi.

"Tsohuwa," ya ce, "abin nan namu. Mace ce ko namiji?"

Ɓawon ya tsinke ya faɗi a cinyarta.

"Ni kake tambaya?"

"Wa zan tambaya? Na san ba daidai ba ne. Na riƙe iya riƙewa. Amma in kika shiga ɗakin nan ba ki..."

"Inna ba ta gaya maka ba?"

"Cewa ta yi kada in tambaye ki."

Sun-rye ta ajiye kanyar a hankali, ta goge hannu a zaninta, ta sake gogewa.

"Ban gani ba," ta ce. "Tana ɗauka ta naɗe a tsumma. Na ce Inna, nuna min. Ta ce in na gani ba zan manta ba har in mutu, uban za ta gaya wa, shi namiji ne zai iya ɗauka. Ta ce kada in kuskura in tayar maka da zancen." Ta ɗago ta dube shi. "Ni duk zamanin nan na zaci ka sani. Na ce mutumin nan wane irin taurin zuciya gare shi? Dutse ya gaya min, cokali ya gaya min, kyanwar mutane ya gaya min, wannan ɗaya ya hana ni. In yi ta jera maka abubuwa ko bakinka zai suɓuce. Akwai shekarun da na tsane ka, tsoho, wallahi na tsane ka, ina zuba maka shinkafa ina tsanarka."

Pan-sul ya ji haushin tsohuwarsa ya taso masa, ya kuma ji ya kwanta, domin ya gane ita ma a ganinta rufa musu ciwo ta yi, ta ɗauke abin ita kaɗai ta tafi da shi. Yanzu duk faɗin duniya babu mai rai da ya sani, kuma ba za a taɓa sani ba. Ya zaci wannan zai kashe shi. Sai ya ji kawai hawaye na bin kumatunsa suna ɗiga a kan kanyar da ya fere, bai kuma tashi ya tafi duba komai ba.

Wata mota ta wuce a kan hanya tana tallar kifi da lasifika, muryar ta yi nisa ta ɓace.

"Ni dai mace nake gani," ya ce can, yana kallon ƙasa. "A kan rufi take zama. Doguwa ce, irinki. Ta auri wani direban bas, ban so ba."

Sun-rye ta juyo gaba ɗaya. "Direban bas?"

"Daga Pohang. Baki har kunne."

"Kai da ka iya zaɓe, ka bari?"

"Ta ji maganata ne? Taurin kanki ta ɗauko."

Sai ga dariya ta kufce wa Sun-rye, tana yi tana dafe ƙirji, hawaye na zuba. Da ta lafa ta share ido da bayan hannu.

"Nawa namiji ne," ta ce. "A bakin murhu yake samuna, ya tsuguna yana satar ƙanzo. Gwame ne kamarka, na yi ta addu'a ƙafar ta miƙe ta ƙi. Bai yi karatu sosai ba, amma ba ya ƙarya. Na hana shi hawa rufi, na ce mutum ɗaya ya ishe ni fargaba. Gyaran agogo yake yi a Daegu. Sanƙo ya fara masa bara."

"Ya yi aure?"

"Ya ƙi. Kullum sai ya ce sai ya ga na warke."

Pan-sul ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka ba labarin dangin da ke nesa. Ya so ya ga yaron. Ya lumshe ido, ga shi kuwa, tsugune, da gilashin gyaran agogo a ido ɗaya, yana ɗago kai yana jin nauyin gaishe da ubansa.

Sun-rye ta ɗauki wuƙarta, ta zaɓi wata kanyar, ta juya ta a hannu ba ta fara fere ba.

"Ashe biyu muka rena," ta ce. "Kowa ya ɓoye wa ɗan'uwansa nasa."

Ya matso kusa da ita har kafaɗarsu ta haɗu, abin da bai taɓa yi da rana a tsakar gida ba.

"Fara daga farko," ya ce. "Yaushe ya fara tafiya?"